Taron Masana Haske: Ina Rabon Mai Tari na Deule?

A watannin baya aka ajiye mini wata takarda bisa tebur a biro, aka ce in juya ta da Hausa domin masu shirin kiwon lafiya na rediyo. Takardar tana magana ne kan tarin fuka da yadda ake gano shi. Aiki yana tafiya daidai har na iso kan wata kalma wadda Faransawa ke kira "fluorescence". Nan alƙalami ya tsaya. Na buɗe ƙamus na Hausa, ban same ta ba. Na buɗe na Faransanci, ya bayyana mini ita da wasu kalmomi uku waɗanda su ma ba su da Hausa. Daga ƙarshe na tafi wurin wani likita, abokina tun muna ƴan lakkwal, na roƙe shi ya warware mini. Ya warware, kuma ya ƙara da cewa wannan abu da ya hana ni barci, akwai masana da ke barin ƙasashensu su taru kwana da kwanaki ba su zancen kome sai shi.

Da na koma biro na ba da labari, sai wani abokin aiki ya yi dariya, ya ce: "Ka ji masu ƙoshi. Mu muna neman cimaka, su suna taro kan ƙyalli." Sauran suka taya shi dariya, ni ma na taya shi a ranar. Amma tun daga nan na bi sawun maganar, kuma yau ra'ayina ya sake. Ina ganin ya wajaba Nijar ta sami kujera a irin waɗannan tarurruka, kuɗin da za a kashe kuma ba ɓarna ba ne. Sai dai da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne dalilin wannan rubutu.

Bari mu fara da abin kansa, domin kowa ya taɓa ganinsa ko da bai san sunansa ba. Ɗan kasuwa mai taka-tsantsan, idan aka miƙa masa takardar jika goma yana shakkarta, yakan sa ta ƙarƙashin wata ƴar fitila mai haske shuɗi-shuɗi, sai wasu zarurruka da alamomi da ido bai gani ba ɗazu su kama haske cikin takardar. Wanda ya haska kunama da irin wannan fitila cikin dare zai ga jikinta duka ya koma kore mai haske, kamar an shafa mata wani abu. Doguwar fitilar nan ta neyon da ke birorin gwamnati ma haka take aiki: farin garin da aka shafe cikinta da shi ne ke karɓar hasken da ido ba ya gani, ya mai da shi farin hasken da muke karatu da shi. Wato akwai abubuwan da Allah ya halitta da wannan ɗabi'a: idan haske mai ƙarfi ya faɗa musu sai su haɗiye shi, nan take su fito da wani haske mai rauni kaɗan, mai wani launi dabam. Ana kashe fitila su ma sun mutu.

Wannan ba ƙyalli ba ne, domin ƙyalli shi ne abin da madubi ko sabon kwano ke yi, su maido hasken yadda ya zo. Ba kuma irin hasken maƙesu ba ne, domin maƙesu da kansa yake kunna wutarsa, ba ya jiran fitilar kowa. Da na daɗe ina juya abin sai na tuna da amsa-kuwwa. Mai kiwon da ya yi kira tsakanin duwatsun Adar ya san muryar da ke dawo masa tasa ce, amma ta rage ƙarfi, kuma in ya yi shiru ita ma ta yi shiru. Saboda haka na rubuta "amsa-haske" cikin takardar. Da wannan suna zan ci gaba a nan.

Turawa ma ba da girma suka fara ba. A shekara ta 1845 wani masani na Ingila, John Herschel, ya lura cewa ruwan da aka narka kinin a ciki, kinin ɗin nan na zazzaɓi, ba shi da launi, amma in hasken rana ya ratsa shi sai a ga wani shuɗi a gefensa. A 1852 George Stokes, malami a jami'ar Kambirij, ya bayyana dalili, ya kuma laƙa wa abin suna daga sunan wani dutse. Da abokin aikina yana nan a lokacin, da ya ce musu masu ƙoshi. A 1896 a birnin Paris, Henri Becquerel yana gwada gishirin uraniyom don ya ga irin hasken da yake bayarwa bayan ya sha rana. Hadari ya rufe sama kwanaki, sai ya jefa kayan gwajin cikin aljihun tebur. Da ya fito da su ya tarar uraniyom ya yi wa faifan hoto tabo cikin duhu, ba tare da rana ba. Daga wannan aljihun tebur ilimin nukiliya ya faro, kuma bayan shekara 75, a 1971, aka fara fitar da uraniyom a Arlit. Ɗan Nijar dai ba shi ne zai ce binciken haske bai shafe shi ba.

Taron da likitan ya ba ni labari ana kiran shi MAF a taƙaice, wato taro kan hanyoyin amsa-haske da amfaninsa. Wani masanin kimiyyar haɗe-haɗe, Otto Wolfbeis, shi ya kira na farko a ƙasar Ostiriya a 1989, kuma tun daga nan ana yin sa kusan kowace shekara biyu. An yi shi a Paris a 1999, a Lizbon a 2005, a Strasbur a 2011, ya ƙetare teku zuwa Amurka a 2019, aka yi shi a Balansiya ta ƙasar Spaniya a 2024. Cikin waɗannan shekaru 35 bai taɓa sauka a Afirka ba. Da Ingilishi ake magana a wurin. Masu harhaɗa sababbin rini suna haɗuwa da masu ƙera madubin awo da likitoci, kowa ya nuna abin da ya gano, a yi masa tambayoyi, a kushe inda ya yi rauni. Fannin ba ƙarami ba ne: kyautar Nobel ta kimiyyar haɗe-haɗe ta faɗa kansa a 2008, ta sake faɗawa a 2014.

To, mene ne haɗin wannan da Deule, can cikin gundumar Buza? Haɗin shi ne tari.

Kowa ya san Ba'adare da tafiya bida. Ana gama girbi samari sun ɗaure kaya, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya, wasu wuraren haƙar zinariya. A can mutum goma ke kwana ɗaki guda don a rage kuɗin haya, ga ƙura, ga ƙarancin abinci. Babu abin da ƙwayar tarin fuka ke so kamar wannan. Wani ɗan kawuna ya yi shekara biyu a irin wannan zama. Da tari ya matsa masa ya je wani asibiti a garin da yake ci-rani, aka karɓi kakinsa aka auna, aka ce ba a ga kome ba. Ya sayi maganin tari na kanti, ya ƙara da saiwoyi, ya dawo gida da damina yana ramewa. Gida suka ce sammu ne, wasu suka ce sanyi. Sai bayan wata biyar aka sake awo aka ga ƙwayar. Ya sha magani wata shida ya warke, alhamdu lillahi. Amma cikin wata biyar ɗin nan ɗaki guda yake kwana da matarsa da ƴaƴansa biyu, kuma ƙaramar ita ma sai da ta sha nata maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce mai tarin da ba a yi wa magani ba yana iya harbin mutum 5 zuwa 15 cikin shekara. A 2023 cutar ta kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 250 a duniya.

Na daɗe ina jin haushin ma'aikacin da ya yi awon farko. Da na fahimci aikinsa sai haushin ya koma tausayi. Tun da Robert Koch ya gano ƙwayar a Barlin a 1882, hanyar da aka fi bi ita ce wadda ke ɗauke da sunan Ziehl da Neelsen. A shafa kaki bisa ɗan gilashi, a rina shi, ƙwayar ta fito ja bisa shuɗi. Amma ƙanƙantarta ta sa sai an ƙara girmanta sau 1000, kuma a wannan girma abin da ido ke gani a lokaci guda ɗan mitsitsi ne. Dole ma'aikaci ya leƙa wuri 100 ko fiye bisa gilashi guda kafin ya rubuta cewa babu. Ku ɗauka an ce mutum ya nemi allura cikin gona, amma ta cikin kafar kara zai riƙa leƙe. Ku ƙara da cewa gilashi talatin ke jiran shi, ga zafin bazara, ga awon zazzaɓi da na jini duk a kansa. In ƙwayar ba ta kai dubu 5 zuwa dubu 10 cikin kowane mililita na kaki ba, da wuya ma a gan ta, kome ƙwazon mai dubawa.

Nan amsa-haske ya shigo. Tun wajen ƙarshen shekarun 1930 aka gano a Jamus cewa wani rini mai suna oramin yana kama ƙwayar tarin fuka, kuma in aka haska shi da shuɗin haske sai ƙwayar ta fito rawaya-rawaya tana haske bisa baƙi, kamar tauraro a daren da babu wata. Abin da ke haske cikin duhu ba ya bukatar a matso kusa da shi. Ƙarin girma sau 200 zuwa 400 ya isa, ido yana ɗaukar fili mai faɗi, aiki yana sauri, gajiya tana raguwa. Wani nazari na 2006 da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna wannan hanya ta fi tsohuwar kama masu cutar da wajen kashi 10 cikin 100. Kashi goman nan mutane ne, kuma mai yiwuwa ɗan kawuna yana cikinsu.

Me ya hana mu ita shekara saba'in? Fitila. Madubin yana bukatar ƙwan fitila na zaiba mai tsada, wanda ba ya wuce awa 200 ko makamancin haka, yana son ɗaki mai duhu da kuran wanda ba ya yankewa, in ya fashe kuma guba ne. Saboda haka hanyar ta zauna a manyan birane. Can wasu masana na Japon suka sami hanyar ƙera ɗan ƙwan fitila mai shuɗin haske, irin wanda ake kira LED, ɗan uwan na cikin tocilar da kowa ke riƙe da ita yau. Su ba tari suke nema ba. Wasu ne dabam suka ji labari, suka ɗora ƙwan bisa madubin likita, suka ga yana aiki da batir, yana yin awoyi dubbai, ba ya bukatar ɗaki mai duhu. A 2011 OMS ta ba ƙasashe shawara su koma ga madubin LED. Mai rini bai san mai fitila ba, mai fitila bai san likita ba. Wurin da irin waɗannan mutane ke jin labarin juna shi ne taro da mujallun da ke biyo bayansa.

Na'urar GeneXpert, wadda OMS ta amince da ita a watan Disamba na 2010, ita ma da amsa-haske take gani. Cikin ƴar kwalbarta akwai wani sinadari da aka fara bayyana irinsa a Niyok a 1996, wanda ba ya haske sai ya haɗu da irin ƙwayar tarin. Cikin awa biyu na'urar tana faɗin ko akwai cutar, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta fi ƙarfin rifampisin, babban maganin tari. A yau irin wannan awo OMS ke so a fara da shi, madubi kuma ya rage don bin sawun mai shan magani.

Kada kuma a ɗauka mu kullum masu miƙa ƙoƙo ne. Daga 2008 zuwa 2010 ma'aikatan yaƙi da tarin fuka na Nijar, tare da ƙungiyar Damien ta Beljik, sun gwada gajeren magani na wata 12 kan masu tarin da ya gagari magani, a lokacin da ƙa'idar duniya ta kai wata 20 ko fiye. Cikin mutum 65, mutum 58 suka warke. Aka faɗaɗa gwajin zuwa ƙasashe tara na Afirka har da Nijar, aka kai sakamakon babban taron cututtukan huhu da aka yi a Kef, Afirka ta Kudu, a Disamba 2015, kuma a watan Mayu 2016 OMS ta amince da gajeren magani ga duniya duka. Daga baya an samo wanda ya fi shi gajarta, babu allura a cikinsa, amma aikinmu yana cikin waɗanda suka buɗe ƙofar. Da ba a kai wannan aiki gaban masana ba, da ya tsaya cikin rajistar asibiti. Kowane adadi a cikinsa kuwa daga idon wani ma'aikacin ɗakin awo ya fito, wanda ya sunkuya bisa madubi wata bayan wata.

Ba tari kaɗai ba ne. Gubar da funfuna ke zubawa cikin gyaɗa da masara, wadda ke jawo ciwon dajin hanta, an gano ta ne bayan talotalo fiye da dubu 100 sun mutu a Ingila a 1960, kuma da hasken da take bayarwa, shuɗi ko kore, aka rarrabe ire-irenta. A Zamfara, a 2010, lokacin da gubar darma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400, da wata na'urar hannu mai aiki da ɗan uwan wannan ilimi aka bi gida gida ana auna ƙasar tsakar gida don a san wadda za a kwashe. Duk ƙauyen da ake daka dutsen zinariya a turmi ya kamata ya san wannan labari.

Yanzu ga inda abokin aikina yake da gaskiya, kuma gaskiyarsa ba kaɗan ba ce. Mu da muke cikin birori mun san yadda misiyo ke tafiya. Gayyata takan zo da sunan mai aikin, amma sau da yawa wanda ke hawa jirgi shi ne wanda ya fi kusa da mai sa hannu. Ya je, ya zauna a baya don ba ya jin harshen, ya karɓi jaka da takardar shaida, ya dawo da tsaraba. Rahoto in an yi shi, shafi uku ne na Faransanci, rabinsa gaisuwa da godiya, a buga hatimi a jefa aljihun tebur. Aljihun teburin Becquerel ya haifi ilimi, namu kuwa makabarta ce. Na faɗi haka ba don in ci mutuncin kowa ba, ni ma na taɓa juya irin waɗannan rahotanni, na san abin da ke cikinsu. Idan haka za a ci gaba, to gara a sayi gero da kuɗin.

Ranku ya daɗe, magabata masu sa hannu kan takardun tafiya, roƙona na farko shi ne a tura mai madubi. Malamin jami'a da ke bincike, ɗalibin da ke shirya digirinsa, ma'aikacin ɗakin awo na CERMES a Yamai ko na asibitin gunduma, su suka san abin da za su saurara. Kuma kada su tafi hannu rabbana. Muna da tambayoyin da babu mai yin su a zauren in ba mu ba. An ƙera GeneXpert don ta yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, kwalabenta kuma a ajiye su ƙasa da 28, alhali bazarar Adar tana haura 40. Rinin oramin da aka haɗa ba ya son haske da zafi, kuma hasken gilashin da aka rina yana dushewa, abin da ke wahalar da mai zuwa daga baya don ya tabbatar da awon. Ƙurar hunturu tana shiga kowace na'ura. Kwalba guda ta GeneXpert, ko bayan ragin da aka yi a 2023, tana kusa da dalar Amurka 8. Masanin da ke aiki a ɗaki mai sanyi a Turai ba mugu ba ne, bai dai taɓa jin waɗannan matsaloli ba, kuma ba zai nemi maganin abin da bai ji ba. Rini mai jure zafi da na'ura mai jure ƙura ba za su zo ba sai wani ya miƙe tsaye cikin taro ya nema.

Muna da abin koyi a gida. Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin haske ne da duniya ta sani. Ya zauna da manyan masana, amma tambayar da ya riƙe ita ce ta ƙasarsa: yaya za a sa ranar da ke ƙona mu ta yi mana aiki? A kan wannan ya shugabanci ofishin makamashin rana, ONERSOL, shekaru da dama. Madubin LED da faifan hasken rana ke ciyarwa a asibitin ƙauye, ai burinsa ke nan. Shi ne kuma ya rubuta littafi a 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya dage cewa sai an koyar da yara da harsunansu.

Wannan ya kawo ni ga sharaɗin da na ambata tun farko. Duk wanda ƙasa ta biya wa jirgi zuwa taron kimiyya, kada a rufe lissafin tafiyarsa sai ya kawo shafi guda, guda tak, cikin Hausa ko wani harshen ƙasa, wanda ke faɗin abin da ya jiyo da amfaninsa ga talaka. In ba ya iya rubutawa, ya zo ya zauna da mu masu fassara awa guda, aikinmu ke nan. A buga shafin a nan, a aika wa gidajen rediyon karkara, a kai wa malaman yaƙi da jahilci su karanta da ɗalibansu. Wani zai ce kimiyya ta fi ƙarfin Hausa. Ni na ga akasin haka: wanda ya kasa faɗin abu da harshen uwarsa, sau da yawa bai gama fahimtarsa ba, Faransanci ne ke rufa masa asiri. Shafin nan guda zai tona wanda ya je yawon buɗe ido, ya kuma ɗaukaka wanda ya je aiki.

Ku da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci kun fi kowa sanin cewa taro yana iya isa ƙauye. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamashek da harshen Mande. A lokacin ma akwai masu cewa zancen baƙaƙe zancen masu ƙoshi ne. Amma an ɗauki abin da aka tsayar an sa cikin littattafan koyo, malamai sun shiga ƙauyuka da allo da fitila, ga shi yau kuna karanta jarida. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Tun watan Maris 2025 kundin ƙasa ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi ba ya yiwuwa ya tsaya bakin ƙofar ɗakin awo yana jiran tafinta. Mutanen Adar kuwa ba su taɓa gudun sabon ilimi ba in an kawo musu shi a fili. Layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don kare gonaki daga iska, da gandarin duwatsu da matan Kaita suka jera tun daga 1984, duk a bakin gona aka bayyana su, da Hausa, shi ya sa suka kama.

Amfanin bayani ba don kwalliya ba ne. Mutumin da aka ce wa "kawo kakinka" ba tare da an gaya masa dalili ba, yakan tofa miyau cikin gwangwanin ya miƙa, miyau kuwa ba ya nuna kome ko da wace na'ura. Wani yana tsoron a yi masa asiri da kakin. Wani in an ce ba a ga kome ba, sai ya ɗauka an wanke shi har abada, ba ya komawa ko tari ya ƙaru. Amma wanda aka zaunar aka ce masa ƙwayar tana can ƙasan ƙirji, sai ka yi dogon numfashi ka kakaro ta, za a rina ta a haska ta, in ba ta da yawa tana iya ɓuya, don haka in tari bai tsaya ba ka dawo, wannan mutum ya zama abokin aikin majo. Na'urar miliyoyi tana dogara ne da abin da aka tofa cikin gwangwani.

Ba na kuma ganin abin da zai hana wata rana a kira irin wannan taro kusa da mu, ko da ƙarami ne. A Damaturu, cikin jahar Yobe ta Nijeriya, an buɗe cibiyar bincike a jami'ar jahar a 2021, inda ake horar da matasan Afirka aiki da manyan madubai na amsa-haske. Tafiyar mota ce daga Difa ko Damagaram, kuma Hausa ake ji a kasuwar garin. Jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram suna iya haɗa kai da su, a gayyato masanan waje su zo a watan Afrilu, su ga abin da zafi ke yi wa rininsu da idonsu.

Da na je gida hutun salla na karanta wa kawu takardar da na juya, muna zaune a zaure bayan la'asar, ɗansa da ya warke yana gefe. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita wurin kunama sau biyu. Sa'an nan ya ce: "Ɗana, wanga abu na gane shi sarai. Amma amsa-haske ya yi mini kama da sunan ƴan birni. Tun da sai an haska shi yake tona kansa, mi ya hana ku ce tonon-haske?" Na ce: "Kawu, tono na mai nema ne, amsa kuwa ta abin da aka haska ce." Ya ce shi dai bai yarda ba, kuma har na tashi ba mu daidaita ba. Abin da muka daidaita a kai shi ne ya aika a kira wani maƙwabcinsa da ya fi sati biyu yana tari, domin ya je awo ranar kasuwa, tun da maganin kyauta ne. Kalmomin biyu na miƙa su ga masu kula da ƙamus. Duk mai karatu da ke da ta uku, daga Madawa ne ko Buza ko Kaita ko wani wuri, ya rubuto wa wannan shafi, tare da dalilinsa.